A daina tsige kalmomin tsohon littafi ana jera wa yara a allo

Duk shekara, idan jarrabawar kammala sakandare ta matso, akwai wata 'yar takarda da ke yawo a hannun ɗaliban Hausa a Katsina. Wani lokaci malami ne ya rubuta a allo suka kwafa, wani lokaci fotokwafi ce ake sayarwa a bakin ƙofar makaranta, yanzu kuma har ta WhatsApp ake tura ta. A sama an rubuta sunan littafin adabin da aka sa musu, a ƙasa an taƙaita labarin cikin shafi biyu ko uku, sannan a jero "kalmomi masu wuya" a hagu, ma'anarsu a dama. Yaro ya haddace, ya shiga ɗakin jarrabawa ya juye, ya fito. Littafin kansa kuwa da yawa ba su taɓa buɗe shi ba, wasu ko launin bangonsa ba su sani ba.

Ni dai a wurina wannan hanya asara ce, kuma asarar ta fi ciwo a garin nan. Babu inda yaro Bahaushe zai ƙara yawan kalmominsa cikin sauƙi kamar tsohon littafin ƙagaggen labari, amma fa sai ya tarar da kalmar a inda marubuci ya ajiye ta, ya ji an furta ta da baki, ya kuma sami wanda zai tambaya. In babu waɗannan, abin da ya rage hadda ce kawai, wadda ke zubewa tun kafin sakamako ya fito. Tamkar a kwance wa doki kayansa ne, a shimfiɗa sirdi da linzami da likkafa a kan tabarma, a kira yaro a ce masa ga hawan Sallah nan ya kalla.

Dalilin da ya sa na ce ta fi ciwo a nan sananne ne ga duk mai bin tarihin rubutun boko. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafai biyar da suka fito daga wannan yunƙuri, uku na mutanen da Katsina ta rena ne ko ta karantar. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 ya kuma tashi a nan tun yana yaro, yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, yana da shekara 22. Yayansa Malam Bello Kagara, malami a Kwalejin Katsina wanda daga baya ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar a wannan Kwaleji ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933. Daga baya aka ɗauki Imam aro zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. Waɗannan mutane sun zauna a garin nan lokacin da doki da jaki suka fi mota yawa a hanya, sun saurari Hausar fada da ta kasuwa da ta zaure, kuma kunnensu ya riƙe. Jikokin waɗanda suka yi musu wannan magana su ne yau ake ba taƙaitawar shafi uku.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da hanyarmu ta koyon kalma daga labari tun kafin zuwan boko, kuma har gobe tana nan. A zaurukan ilmi na ƙasar Hausa, har da na cikin birnin nan, ɗalibin da ya yi nisa kuma yake son ƙwarewa a lugga yakan kai ga Muƙamatul Hariri. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, ya bar labarai 50 na wani mai wayo da zaƙin baki, Abu Zaidu, da mai ba da labarinsa, Harisu. Ya cusa musu kalmomin Larabci masu nauyi, irin waɗanda ko Balarabe sai ya nemi sharhi. Yaya malamanmu suke karantar da shi? Ɗalibi ya buɗe littafi ya ja baƙi, malam ya fassara gaɓa gaɓa, in an zo kan baƙuwar kalma ya tsaya ya warware ta, ya kawo 'yan'uwanta, wani lokaci ya kawo baitin waƙa da ta fito a ciki, sannan a ci gaba da labari don a ji yadda Abu Zaidu ya kuɓuce wannan karon. Ban taɓa jin malamin zaure da ya raba wa ɗalibansa jerin kalmomin Hariri ya ce su je su haddace, littafin kuma a bar shi a rufe ba. Ɗalibi yana riƙe kalmar ne saboda yana tuna a gaban wane alƙali aka faɗe ta, da wace dabara, kuma wa aka yaudara da ita. Imam da kansa ya faɗa cewa daga Muƙama ya ɗauki tsarin mutum biyu masu gwada wa juna wayo, ya sa Alhaji Imam da Malam Zurƙe a gurbinsu cikin Ruwan Bagaja, ya zuba nasa labaran. Ke nan littafin da muke tsigewa a aji, a kan wannan al'ada ta zaure aka gina shi. Mun karɓi littafin mun watsar da hanyar karanta shi.

Sai kuma a duba irin kalmomin da ake zaɓa a sa a jerin. Kusan kullum sunayen abubuwa ne da suka tsufa: lifidi, sulke, madugu, ayari, zambar, anini. Su ne suka fi saurin faɗo wa mai tsara takardar a ido, kuma su ne suka fi sauƙin yi wa ma'ana da kalma biyu. Amma ba nan talaucin Hausar yaranmu yake ba. Yaron da bai san lifidi ba zai iya rayuwarsa lafiya. Wanda bai san bambancin haushi da takaici ba, ko bambancin ya hasala da ya fusata da ya harzuƙa da ya tunzura, wannan shi ne zai girma yana jin abu a ransa ya rasa yadda zai faɗe shi. A Hausa mutum yana hange, yana leƙe, yana harara, yana satar kallo, yana ƙura ido, yana ƙyalla ido ya ga abu. Yana raɗa magana, yana tsegunta ta, yana kwarmata ta, yana yin shaguɓe ko gatse ko habaici. Doki yana taƙama, yana sassarfa, yana sukuwa, mahayi ya ja linzami ya yi zamiya. Ga amsa-kama: mutum ya miƙe zumbur, ya yi wuf ya kama, gari ya yi tsit, ɗaki ya cika maƙil. Ga kuma 'yan ƙananan kalmomin nan da ke riƙe da magana, irin su ashe, alhali, dai, kuwa, fa, kam, ko da, sai da, waɗanda ba wanda zai taɓa sa su a jerin masu wuya domin kowa na ganin ya san su. Wace ma'ana za ka rubuta wa "ashe" a gefen dama na allo? Sai dai yaro ya yi ta cin karo da ita a bakin sarki da waziri da ɓarawo da tsohuwa, har ya gane da kansa cewa ana sa ta ne a daidai lokacin da gaskiyar abu ta bayyana ga wanda bai zata ba. Wannan shi ne ainihin jarin da ke cikin waɗannan littattafai, kuma ba ya ciruwa daga cikin jumla.

Sakamakon rashinsa muna ganinsa kullum. Dubi yadda matasanmu ke rubutu a Facebook, har waɗanda suka ci Hausa da kyau a jarrabawa. Komai "ya yi" ne ko "bai yi ba", komai "sosai" ne. Abin farin ciki sosai, abin baƙin ciki sosai, ruwa ya sauka sosai. Saurari wasu labaran da ake fassarawa a rediyo, za ka ji kalmomin Hausa ne amma ƙashin jumlar na Turanci ne, domin mai fassarar bai tara isassun jumlolin Hausa a kansa da zai zaɓa daga ciki ba. Ba na ɗora wa yaran laifi. Abin da aka zuba musu shi suke fitarwa.

Akwai wani dalili da ya shafi rubutunmu na boko shi kansa, wanda ya sa jeri a allo ya fi yi wa Hausa illa fiye da yadda zai yi wa wani harshen. Ba ma nuna karin sauti a rubutu, ba ma nuna tsawon wasali. Gari na zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya, haka kukan yaro da itacen kuka, haka farin launi da farin rashin ruwa. Mai karatu yana rarrabe su ne domin ya riga ya san su a kunne, jumla kuma ta nuna masa wanne ake nufi. To, yaron da ya ga "hurde" ko "bidi" ko "jalala" a rubuce, bai taɓa jin an faɗa ba, ta ina zai san inda ake ja da inda ake ɗagawa? Zai ƙaga nasa furucin, ranar da ya faɗa gaban manya a yi masa dariya, daga nan ya haƙura da kalmar. Shi ya sa na dage cewa waɗannan littattafai a bayyane ya kamata a karanta su, da murya, daga bakin wanda ya iya. Haka ma aka karanta su da farko a gidaje da yawa: mai boko ɗaya ya riƙe littafi da dare, sauran su kewaye shi.

Iyaye da yawa za su ce su Turanci ne damuwarsu, kuma na fahimce su, don da shi ake neman gurbin jami'a da aiki. Can ma irin wannan cuta ce: a ba yaro tsohon littafin Turawa, a ja layi ƙarƙashin manyan kalmomi, ya haddace ya riƙa jefa su inda ba su dace ba. Masu binciken koyon harshe, irin su Paul Nation na ƙasar Niyu Zilan, sun nuna cewa mai karatu na bukatar ya riga ya san kamar kalma 98 cikin kowace 100 kafin ya bi labari da daɗi ba tare da an taimaka masa ba. A kan masu koyon Turanci suka yi aikinsu, amma darasin ya shafe mu. Yaron Katsina da ya buɗe tsohon littafin Hausa ya san kusan duk abin da ke shafin, baƙin kalmomin 'yan kaɗan ne, kuma na kewaye da su suna nuna masa hanya. A nan zai koyi dabarar hasashen ma'ana daga jumla, da haƙurin bin labari mai tsawo, da ɗabi'ar komawa baya ya sake duba sakin layi. Wanda ya sami wannan a harshensa da shi zai shiga Turanci da Larabci. Wanda bai taɓa gama littafi ɗaya da harshen uwarsa ba, da wuya ya gama na wani harshen.

Sunayen tsofaffin abubuwan nan kuwa da na ce an fi sa wa a jeri, ban ce a yar da su ba. Cewa na yi an ba su amsar da ba ta kai ba, alhali masu cikakkiyar amsar suna zaune a gidajenmu. Wani ɗan ƙanena ya taɓa zuwa mini da tambayar taro da sisi, ya gamu da su a karatu. Na san amsa, amma na ce ya shiga ciki wurin kakarsa.

"Iya, wai mene ne taro?"

"Taho nan, maigida, in hwaɗa maka. Kai da ko sisi ba ka taɓa ba ni na cefane ba, yau kai ne da tambayar kuɗi?"

Ta zaunar da shi ta lissafa masa: anini goma kwabo, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin fam guda. Daga nan magana ta yi reshe. Ta gaya masa yadda ake ƙulle kuɗi a bakin zane, da abin da ake kira adashi, da yadda aka yi lefenta, da ranar da aka canja kuɗi mutane suka rikice da lissafi. Ya fito da kalmomin da ma ba su cikin littafin, kuma da ya koma karatu ya gane ko kyautar da aka yi a labarin ta girma ce ko ta wulaƙanci, abin da jerin allo ba zai taɓa gaya masa ba. A ranar 1 ga Janairu 1973 aka fara kashe naira. Wanda yake da shekara goma a lokacin, wato wanda aka taɓa aika da taro ya sayo abu, yanzu ya haura sittin. Waɗanda suka ga fatake da jakuna sun sauka a zango sun fi haka tsufa. Suna nan tukuna, amma kowace shekara raguwa suke, mu kuma muna ta rubuta wa jikokinsu "taro: tsohon kuɗi" a allo.

Ba a cikin gida kaɗai ba. Ganɗoki littafin yaƙi ne da dawaki, kuma a Katsina ba sai an zana wa yaro hoton wannan duniya ba. Sau biyu a shekara tana fitowa ta Ƙofar Soro a hawan Sallah, a Daura kuma ga Sallar Gani. Ga 'yan lifida, ga masu sulke da kwalkwali, ga akawali da kili da danda a jere. Akwai masu kiwon dawakin fada da masu ɗinka kayan doki waɗanda za su yi murna a kawo musu ɗalibai su nuna musu ragama da majayi da jalala ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ginin Kwalejin Katsina, inda su waɗannan marubuta suka zauna, yana nan ya zama gidan tarihi, hasumiyar Gobarau ma tana tsaye. Malamin da ya kai ajinsa ɗaya daga cikinsu tare da tsohon magini, a nan yara za su ga azara da tubali da indararo da idonsu, su ji yadda ake haɗa makuba. Makarantun cikin gari ko kuɗin mota ba sai sun biya ba.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya a yawancinsa. Aji ya cika har wasu na zaune a ƙasa, lokacin Hausa a jadawali kaɗan ne, iyaye ba su sayen littafi, manhaja kuma sai an gama ta. Malami ba don mugunta yake rubuta jerin nan ba, yana neman abin da zai tsira da shi ne. Amma karatu a bayyane shi ne ya fi dacewa da irin wannan aji. Kwafi ɗaya ya isa. Ba ya bukatar lantarki, ba ya bukatar alli mai yawa. Lokacin da yara ke ɓatawa suna kwafar jeri daga allo ya ishi a karanta shafi uku a tsaya a tambaye su: me kuke jin wannan kalma take nufi, kuma me ya nuna muku? Jarrabawar ma ai ba ma'anar kalmomi kaɗai take tambaya ba. Akwai insha'i, akwai auna fahimta, akwai fassara, kuma a duk waɗannan wanda ya sha labari a kunne ya fi mai hadda abin rubutawa. In kuwa an ce shekarar ƙarshe ta yi matsi, to a fara tun ƙaramar sakandare, lokacin da babu wata babbar jarrabawa a wuyan yaro, ko da littafin ba ya cikin waɗanda hukumar jarrabawa ta zaɓa a wannan zangon.

Wasu kuma na cewa kalmomin sun mutu, me za a yi da su a zamanin waya. Wasunsu sun mutu kam, kuma ba na neman a tayar da su. Ba wanda zai koma lissafi da zambar a kasuwa. Amma akwai kalmar da mutum ke bukata don ya yi magana, akwai wadda yake bukata don ya gane abin da ya faru kafin a haife shi. Shaihu Umar labarin bauta ne: yaro da aka sace, aka ratsa da shi hamada, uwa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane. Yaron da ya bi wannan uwa shafi bayan shafi, in ya ji kalmar hari ko bawa ko kuyanga ko fansa, nauyinsu zai sauka a ƙirjinsa, zai kuma fara tambaya a kan wasu kalmomin da yake ji a gari ba a bayyana masa. Wannan tarihinmu ne, mai ɗaci, kuma gara yaro ya same shi daga labari da malami mai natsuwa a gabansa, da ya tsince shi a bakin masu gori.

Akwai masu ƙorafin cewa Bature ne ya sa aka rubuta littattafan don makarantunsa, kuma Imam ya aro labarai da yawa daga Larabawa da Indiyawa da Turawa. Haka ne, ba a ɓoye yake ba. Akwai ma wuraren da ake ba'ar ƙauyawa da wasu ƙabilu ta yadda bai kamata malami ya wuce bai ce komai ba. Sai dai labarin ne aka aro, bakin da ya ba da shi na gida ne, kuma bakin muke nema. Haka nan ba na cikin masu raina littattafan zamani da 'yan mata da samari ke karantawa a waya. Sun sa dubban mutane karatu da Hausa, musamman mata, abin da makaranta ta kasa. Amma yawancinsu da Hausar da mai karatu ya riga ya mallaka ake rubuta su, shi ya sa ake shanye su cikin dare ɗaya. Tsohon littafi yana ɗan gaba da yaro, yana sa shi miƙa hannu. Marubutan zamanin da alƙalaminsu ya fi daɗi, in ka bincika, galibi sun sha na da.

Ƙamus yana da wurinsa, amma a bayan hasashe da tambaya. A 1934, shekarar da waɗancan littattafai suka fara fitowa, Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa na Hausa da Turanci, wanda har yake nuna kalmar da ta Katsina ce ko ta Sakkwato ko ta wani yankin, kuma an sa shi a intanet. A 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa wanda ke bayyana Hausa da Hausa, shi ne ya fi dacewa da aji, domin bayyana wa yaro Bahaushe kalmar Hausa da Turanci nesanta shi da ita ne. Ya kamata kowace makaranta ta ajiye ko da kwafi ɗaya. Yaro ya fara cewa ga abin da nake zato, ya je gida ya tambaya, sannan a buɗe ƙamus a ga wa ya dace. In amsar kakarsa ta saɓa da ta ƙamus, kada malami ya yi saurin cewa tsohuwa ta yi kuskure. Sau da yawa karin harshe ne, Katsinanci ko Dauranci, kuma wannan saɓanin shi kansa darasi ne da ya fi wanda aka shirya.

In dole sai an rubuta wani abu, to yaron ne zai rubuta, a nasa littafin, kalmomin da shi ya zaɓa. Ya kwafe jumlar gaba ɗaya yadda ta zo, ya sa wanda ya faɗe ta a labarin da wanda aka faɗa wa, a ƙasa ya ƙirƙiri tasa jumlar a kan abin da ya faru a unguwarsu. Biyar a mako da aka yi wa haka sun fi hamsin da aka kwafa. Gidajen rediyonmu na Katsina da Daura kuma za su iya neman izinin masu haƙƙin bugawa su sa mai kyakkyawan furuci ya riƙa karanta babi babi da yamma, a naɗa a ajiye, malamin ƙauyen da ba shi da littafi ya kunna wa ajinsa daga waya.

Abin da nake roƙon kamfanin NNPC na Zariya, mai buga waɗannan littattafai, da malaman Hausa na jami'o'i da kwalejojin jihar nan, shi ne su haɗu su fitar da bugu na makarantu mai arha, wanda a ƙasan kowane shafi za a sa ɗan gajeren bayani da Hausa a kan kalma biyu ko uku, tare da alamar yadda ake furta su. A ƙasan shafin da kalmar take, ba a tattara su a ƙarshen littafi ba, don kada a sake yage su a mai da su jeri. Na ji wasu na ba da shawarar a sake rubuta littattafan da "Hausa mai sauƙi" saboda yaran yanzu, a cire abin da ya tsufa a sa na zamani. Wannan kam ina adawa da shi har zuciyata. Duk kalmar da aka cire don yaro bai san ta ba, ita ce wadda ya zo nema. A bar wa Imam da Bello Kagara da Tafawa Ɓalewa jumlolinsu yadda suka gina su, masu sharhi su tsaya a ƙasan layi, kuma kafin su rubuta bayanin kayan doki ko na gini ko na fatauci su je su zauna da masu sana'ar su tambaye su.